Sai an kori mutum ake tuna da mu

Aikinmu ba wa masu kamfanoni shawara kan dokar ƙwadago, amma a Legas ba a kiranmu sai ɓarna ta riga ta auku. Alhaji zai bugo waya daga Apapa, rai a ɓace: ya sallami direbansa, ga takardar kotu ta iso. Ka ce, "Ranka ya daɗe, ina takardar ɗaukarsa aiki?" Sai ya ce ai yaronsu ne, da baki aka yi magana.

Da baki! Mutum ya shekara shida yana kwana a layin tashar jiragen ruwa da motarka. Dokar Ƙwadago ta ce a ba shi sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata 3. Wanda ya kai shekara 5 kuwa, sanarwar wata guda ce haƙƙinsa, ko kuɗinta. Fansho ma, tun dokar 2014, zuba kwatankwacin kashi 10 cikin 100 na albashin ma'aikaci a asusun fanshonsa na kan mai kamfani. Galibi ko asusun ba a buɗe ba.

Wallahi abin da ya fi ƙona min rai, yawancin waɗanda ake yi wa haka 'yan uwanmu ne, masu gadi da direbobi. Sannan a ce in tsara takarda in mayar da kwanan wata baya. Ba zan yi ba.