Wanda ya ce babu gwamnati, kuma yana neman kujera

'Yan'uwana matasa, musamman ku da kuka fara karanta ra'ayin masu cewa gwamnati ta cika yawa, ko ma a soke ta baki ɗaya, ina da magana da ku. Na lura da yadda gardamarku ke tafiya a Facebook da X. Ɗayanku ya ce zai tsaya takara, kafin gari ya waye an liƙa masa sunan maci amana. Shi kuma ya toshe duk wanda ya yi masa tambaya, ya ce hassada ce. Ku sani wannan rigima ta girme ku, kuma waɗanda suka fara ta sun fi ku iya ta.

A Amurka aka kafa jam'iyyar Libertarian a 1971, a jihar Colorado. Tun daga tushe gida biyu ne a cikinta. Akwai masu son ƙaramar gwamnati, wadda aikinta bai wuce kotu da 'yan sanda da soja ba. Akwai kuma 'yan ba-gwamnati, masu cewa haraji ƙwace ne ko da ƙuri'a aka ɗora shi. A taron Dallas na 1974 suka yi sulhu: jam'iyya ba za ta yanke hukunci kan ko ya kamata gwamnati ta wanzu ba, a je a rage ta tukuna. Sulhun ya riƙe jam'iyyar, amma tambayar tana nan daram.

Tambayar kuwa mai nauyi ce, kada ku raina ta. Ranar kama aiki, zaɓaɓɓe zai ɗaga hannu ya rantse zai kare tsarin mulki. In ya yi imani da rantsuwar, ya bar aƙidarsa. In bai yi imani da ita ba, ya fara aiki da ƙarya. Ƙarshen wata kuma albashinsa daga harajin nan da ya kira ƙwace zai fito. A kan irin wannan hujja Carl Watner da Wendy McElroy da George H. Smith suka kafa mujallar The Voluntaryist a 1982, suna cewa ko jefa ƙuri'a ƙara wa gwamnati halacci ne. Samuel Konkin ya riga su, shi ya ce a rabu da zaɓe, a koma cinikin da idon hukuma ba ya kai wa, har gwamnati ta rasa abin ci.

Murray Rothbard, wanda shi ma ɗan ba-gwamnati ne amma yana cikin jam'iyyar, ya mayar wa Konkin martani mai zafi. Ya nuna masa cewa kasuwar bayan fage tana iya sayar da ƙananan kaya, amma ba za ta ƙera mota ko ta narka ƙarfe ba, kuma mafi yawan mutane ma'aikatan albashi ne, ba 'yan fasa-ƙwauri ba. Sannan mugunyar doka, wa zai soke ta in duk masu ƙinta sun ƙaurace wa majalisa? Abin da nake so ku riƙe shi ne inda wannan suka ya fito. Konkin ne da kansa ya buga shi a mujallar ƙungiyarsa a 1981, ya bi shi da amsarsa. Ya ba abokin gardamarsa fili a gidansa. Cikinku wa zai iya barin sharhin da ya ƙona masa rai ya kwana a ƙarƙashin rubutunsa, balle ya ɗauko shi ya kafa a sama?

Ku masu son takara, kada ku ɗauka tsoron masu sukarku shaci-faɗi ne. A Nuwamban 1936, ana tsakiyar yaƙin basasar Sifaniya, 'yan ba-gwamnati huɗu daga ƙungiyar ƙwadago ta CNT suka karɓi kujerun minista a gwamnatin Firaminista Largo Caballero. Waɗannan 'yan gurguzu ne, ba sahun Rothbard ba, amma tarkon ɗaya ne. Federica Montseny ta riƙe lafiya, Juan García Oliver, mutumin da ya sha zaman kurkuku, ya zama ministan shari'a. Hujjarsu ita ce Janar Franco, jagoran sojojin da suka yi wa gwamnati tawaye, na bakin ƙofa. Camillo Berneri, wani ɗan ba-gwamnati ɗan Italiya, ya rubuta wa Montseny buɗaɗɗiyar wasiƙa yana gargaɗinta. A watan Mayun 1937 faɗa ya ɓarke a Barcelona tsakanin ma'aikatan CNT da dakarun gwamnati, sai ga ministocin nan a birnin suna roƙon mutanensu su ajiye makamai. A cikin kwanakin aka kashe Berneri. Kafin watan ya ƙare gwamnatin ta faɗi, kujerun suka tafi.

Na kusa-kusa shi ne Javier Milei na Ajantina, wanda ya hau mulki ranar 10 ga Disamban 2023. Ya ce a aƙida shi ɗan ba-gwamnati ne, har ɗaya daga karnukansa sunan Rothbard ya ci, Murray. Ya rage ma'aikatu daga 18 zuwa 9. Hauhawar farashi da ta haura kashi 25 cikin 100 a watan da ya hau ta sauko ƙasa da kashi 3 a wata a ƙarshen 2024. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma masu cewa shiga gwamnati ba ta tsinana komai dole su dube shi da idon basira. Amma babban bankin da ya yi alkawarin rufewa yana nan a buɗe. Da Hans-Hermann Hoppe, almajirin Rothbard, ya soke shi kan haka, Milei ya haɗa amsarsa da ba'a, ya mayar da dattijon wawan da bai san tattalin arziki ba. Yana da hujjar da zai iya tsayawa a kanta, cewa bankin na ɗauke da bashin da sai an warware kafin a rufe. Ba'ar ce ta yi yawo a duniya, hujjar ta bi ruwa. 'Yan jarida kuwa, kiransu masu karɓar na-goro ya zame masa jiki. Ni a ganina mutumin da ke da 'yan sanda a hannu ba daidai yake da mai rubutu a ɗakinsa ba, zaginsa na da haƙora.

To ɗan'uwa, in za ka nemi kujera, faɗa wa mutane tun yanzu me za ka yi da rantsuwar, me za ka yi da albashin, wace doka ce in aka kawo ba za ka sa hannu ba ko da kujerar za ta tafi. Rubuta shi inda ba za ka iya gogewa ba. Adam Kokesh ya nemi tikitin jam'iyyar Libertarian a 2020 da alkawarin rushe gwamnatin tarayya sannan ya sauka. Bai samu tikitin ba, amma kowa ya san abin da yake sayarwa.

Kai kuma mai suka, ka daina shiga zuciyar mutum kana karanto mana niyyarsa. "An saye shi" ba hujja ba ce sai ka kawo shaida. Kuma ka shirya, don shi ma zai juyo maka da tasa tambayar: tunda ka ƙi ƙuri'a, wace makaranta ko kasuwa ko ƙungiyar taimakon juna ka kafa da za ta sa maƙwabcinka ya rage dogaro da hukuma?