Yadda Na Kai Surukata Kwatano

Ni malamin lakkal ne a Tawa, kuma mai albashin malami ba ya shirya tafiya sai da biro da takarda. A babban hutun 2022, shekara guda kafin a rufe gadar Gaya ta iyakar Nijar da Benin, uwargida ta tayar da maganar zuwa Kwatano, birnin nan na bakin teku a ƙasar Benin. Ita atamfa take so ta saro a kasuwar Dantokpa, yara kuwa tun da suka ga teku a littafi suka hana ni sakat. Da Inna, surukata, ta ji labari sai ta ce an faɗa mata ruwan teku maganin ciwon ƙafa ne. Muka tashi mu shida, da rabin buhun albasar Galmi da za mu kai wa wani dattijo ɗan garinmu da ke zaune a Zango, unguwar Hausawa a Kwatano.

Kuɗin mota ba ya da ragi. Guzuri mun ƙulla namu, kilishi da cuku da dambu. Sefar da muke kashewa a Tawa ita ake kashewa a Benin, saboda haka ba ɗan canjin da zai ci rabonsa. Wurin kwana kaɗai ya rage a matse. Na tambayi otal, aka ce mini ɗaki jika ashirin da biyar, kuma wanda ya tafi da surukarsa dole ya kama ɗaki biyu. Na ninka, na ajiye biro.

Sai wani abokin aiki ya ba ni lambar dillali mai bayar da hayar gida da kayansa. Mutumin ya turo hotuna ta WhatsApp: falo, ɗaki biyu, madafa har da tukwane, jika goma sha biyu a kwana, kuma kusa da ruwa. Nan take na aika masa kafin alƙalami. Makon nan ko gaisuwata sai da ta canza.

Hanya ba sai na ba da labarinta ba. Ƙwanni, Dogon Dutsi, Doso, Gaya, muka haye kogi zuwa Malanbil, daga nan kuma sama da kilomita 700 na jiranmu, ta Kandi da Paraku da Bohikon. Muka sauka da la'asar ƙafafu a kumbure. Dillali ya ce mu hau zemijan, wato kabu-kabunsu masu rawayar riga. Albasa ta samu babur ɗinta ita kaɗai. Inna, wadda ba ta taɓa hawa babur ba, ta riƙe kwalar direba tana salati, shi kuma yana neman numfashi.

Abin da ba a sa a hoto ba shi ne Kwatano fili ne na yashi tsakanin teku da tafkin Nokuwe, kuma Yuni da Yuli ruwan sama ba ya wasa da su. Babura suka tsaya a bakin wata unguwa suka ce iyakarsu ke nan. Layin gidan ruwa ne har gwiwa. Ga samari suna goya mutane a kan dala ashirin, ga dillalina can tsakiya ya naɗe wando yana ɗaga mana hannu da fara'a.

Inna ba ta yi mini magana kai tsaye, kunya ce ta surukai. Ta juya wurin ɗiyarta.

“Ke, tambayi maigidanki, wagga ita ce tekun?”

Gaskiya gidan yana nan yadda aka ɗauke shi, dillali bai ƙara kujera ko ɗaya ba. Sai dai gado a kan bulo yake, ga zanen ruwan bara a bango daidai ƙugun autanmu, ga kwaɗi a madafa sun riga mu kama wuri. Wuta ta kati ce, kai za ka saya. Gas ma haka. Na fara bayani cewa idan aka duba farashi da kyau, uwargida ta ce, “Malam, in ka gama dubawa ka same mu a bakin hanya.” Kafin alƙalami kuma, in ji dillali, ba ya dawowa.

Magariba ta kawo kai, sai Allah ya haɗa ni da wani allo a jikin gida mai fenti: ɗaki 2000F. Jika biyu! Na ji zuciyata ta yi sanyi. Mai karɓar baƙi ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya dubi albasa, ya sake duban Inna.

“Dukanku?”

Na ce dukanmu, ɗaki biyu. Ya ɗaga kafaɗa ya miƙo makulli.

Fitilar ɗakin ja ce. Madubi ya cinye bango guda, yara suka yi ta tsalle a gabansa. Ba wurin rataye kaya, ba taga, kiɗa kuma na fitowa ta ƙarƙashin ƙofa. Ni dai na ce ƙila haka gine-ginen bakin teku suke. Inna ta ce zafi ya yi yawa, ta shimfiɗa dardumarta a baranda, ta yi magariba da isha, ta zauna da casbi daidai inda kowa zai wuce.

Aka fara shigowa bibbiyu. Duk wanda ya zo wucewa sai ta ɗago kai.

“Sannunku da hanya. Ku ma baƙi na?”

Wani mai babbar riga, da gani ka san ya ji Hausa, ya ja hula ya rufe rabin fuska. Wata ta koma da baya kamar ta taka garwashi. Inna ta leƙo ɗaki tana gaya wa ɗiyarta cewa mutanen garin nan akwai zaman lafiya, kowa da matarsa a hannu, amma abin mamaki ba wanda ya zo da kaya. Uwargida ta dube ni. Na duƙa ina gyara bakin buhun albasa, wanda ba abin da ya same shi.

Ba a jima ba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mai makulli ne, yana nuna agogo. Jika biyun na awa ɗaya ne, kwana kuwa jika goma kowane ɗaki. Ya ƙara da cewa in za mu tafi yanzu ba zai karɓi ko dala ba, har ma zai kira mana babura da kuɗinsa, don tun da tsohuwa ta zauna a baranda mutum uku sun juya daga bakin ƙofa.

Da tsakar dare na buga wa dattijon Zango. Faɗa ya fara yi kafin gaisuwa.

“Kai ɗan Adar, ka zo Kwatano ka tai neman otal? Mi aka yi Zango dominai?”

Yana da gaskiya, tun zamanin fatake aikin maigida ke nan: ya sauke baƙo, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya ci la'adarsa. Mata suka shige cikin gida. Ni aka ba ni tabarma a zaure, cikin samari masu jiran motocinsu su fito daga tashar jirgin ruwa, kowa da cajarsa, wurin saƙalawa ɗaya. Kiran asuba daga babban masallacin Zango ya tashe mu, ga koko da ƙosai.

Kwanan kyauta ne, ban biya ko tamma ba. Sai dai mutum ba zai zauna ana ciyar da mutum shida bai sa hannu a cefane ba, ga yaran gida da za a sallama. Ranar komawa kuma duk Zango ya tuna yana da dangi a Keita da Buza da Illela. Muka taso da firji ɗaya, da tayoyi, da jarkokin manja, kuɗin kaya duk a wuyana. Da muka je bakin teku a Fijirose, Inna ta ga igiyar ruwa ta ce a bar shi, ƙafarta ta yi sauƙi.

Har yau ba wanda ya yi ƙarfin halin yi mata bayanin gidan mai jar fitila. Makon jiya ta aiko autanmu da saƙo: matar liman za ta tafi Kwatano da ɗiyanta mata, in rubuta mata kwatancen masaukin nan na jika biyu, inda mutane ke da kunya.