Rawa da anko ba su ne sulhu ba

Kun dai ga abin da aka yi mana jiya a cocinmu da ke Legas da sunan Lahadin sulhu. An kira sashen Hausa, matan zumunta suka fito da ankonsu, suka buga tulu da caki, aka yi tafi, aka ɗauki hotuna. Da aka zo karanta sunayen kwamitin sulhun, ko mutum ɗaya daga Arewa babu. Da mu ake son a shirya, amma ba a ga ya dace a zauna da mu ba. Wannan abu ya ci mini rai, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Sulhu kujera ce a inda ake yanke shawara. Wanda bai yarda ba ya buɗe Ayyukan Manzanni sura 6. Masu bi da ke jin Helenanci sun yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu mata wajen rabon abinci na kullum. Ƙorafin bambanci ne ƙarara, a cikin ikilisiyar farko, manzanni suna raye. Ba su ce wa mutanen nan ku yi haƙuri ba. Ba su shirya musu ranar al'adu ba. Sun ce a zaɓi mutum 7 a danƙa musu aikin rabon, kuma ku duba sunayen: Istifanas, Filibus da sauransu, duka sunayen Helenawa ne. Ɓangaren da ya yi kuka shi aka miƙa wa rumbun. Ga tsari nan a rubuce, me ya hana mu bi?

Na san abin da za a ce: ai duk ɗaya muke cikin Almasihu, Galatiyawa 3:28. Haka ne. Amma Bulus ɗin da ya rubuta ayar, shi ne a sura ta 2 ya tsaya ido da ido da Bitrus a Antakiya, don Bitrus ya janye daga cin abinci da al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba. Ayar ba murfi ba ce da za a rufe bakin mai ƙorafi da ita.

Wasu kuma su ce mutanenku masu gadi ne da 'yan acaba, ba su jin Turanci, baikonsu kaɗan ne. To yaushe aka fara auna dattijon ikilisiya da nauyin ambulan? A kawo mai fassara mana! Muna da dattawan da suka riƙe majami'u a Michika da Gwoza cikin wutar Boko Haram kafin gudun hijira ya kawo su Legas. Waye zai koya musu ma'anar gafara?

Masu cewa kada a tono tsohon miki, ku ji ni da kyau. An yi rikicin Yarbawa da Hausawa a unguwannin Legas: Ketu a 1999, Idi-Araba a 2002, Mile 12 a 2016. A irin waɗannan ranaku ba a tambayar mai gudu katin baftismarsa, harshensa da kamanninsa ake dubawa. Zaɓen 2023 kuwa kowa ya ga maganganun da aka riƙa yi wa Ibo a garin nan, har 'yan coci suna tura su a WhatsApp, ranar Lahadi a zo a ci jibin Ubangiji tare kamar ba a yi ba. Ruwanda ƙasar Kirista ce mafi yawanta, amma a 1994 a cikin majami'un Nyamata da Ntarama aka karkashe mutane. Cika coci da jama'a ba ya hana komai, in fasto ba zai iya tsawata wa ƙabilarsa daga bagade ba.

Mu ma 'yan sashen Hausa kada mu ɗauka wannan magana ta wuce mu. Bajju na gefe, Kilba na gefe, Tangale na gefe, Bahaushe Kirista daga Katsina kuwa ana yi masa kallon ɗan leƙen asiri. Kujerar da muke nema a sama, mu fara bayar da ita a tsakaninmu.

Ina ƙaunar ikilisiyar nan, 'yan'uwa. Yarbawan cikinta sun yi mana alheri da yawa, shi ya sa nake magana. A sake kwamitin. A sa namu a cikin dattawa da masu riƙe kuɗin taimakon gwauraye da marayu. Dattijon da ke da gidan haya a Agege ya daina cewa ba ya ba ɗan Arewa ɗaki.

Af, kuma wa ya mayar da sujadar Hausa ƙarfe 2 na rana? Masu gadin da suka kwana a bakin aiki da safe suke samun sarari, kafin ƙarfe 2 barci ya kwashe su, wasu ma sun kama hanyar komawa aiki. A maido mana da ita safiya don Allah.