Ni dai ina bayan uwar 'yan matan nan biyar

Jiya a gidan biki muka kaure da musu ni da wata ƙawata a kan Pride and Prejudice, littafin Jane Austen na 1813. A ganinta soyayya ce zalla, uwar Elizabeth, tauraruwar labarin, kuwa makwaɗaiciya ce mai shegen surutu, ba ta da aiki sai farautar surukai masu kuɗi. Na ce ƙawata, miƙo biro mu yi lissafi.

Maigidan, Bennet, yana samun fam 2,000 a shekara daga gandunsa na Longbourn, amma an ɗaure gadon, namiji kaɗai zai ci. 'Ya'yansa biyar, duk mata. Ranar da ya kwanta dama, gida da gandu sun koma hannun Collins, wani limamin coci daga cikin danginsa. Kowace yarinya fam 1,000 za ta tsira da shi, abin da zai riƙa kawo mata fam 40 a shekara, shi ma sai bayan ran uwar. Uban da masu karatu ke so saboda iya ba'a, yana can ɗakin littattafansa a ƙule, ko sisi bai tara musu ba. To wane ne sakarai a gidan? Matar tana da wauta, ban musa ba, tana kunyata 'ya'yanta a bainar jama'a. Amma ita kaɗai ce maganar gobe ke hana ta barci.

Wadda ta fi tsaya min a rai ma Charlotte ce, ƙawar Elizabeth. Shekararta 27, ba kyau ba dukiya, ta karɓi Collins kwana biyu-uku bayan Elizabeth ta ƙi shi. Ta san ba ta son sa, ba ta kuma yaudari kanta ba. Da ta tare, sai ta zaɓi ɗakin baya ya zama wurin zamanta don kada ya riƙa faɗo mata, ta kuma dinga zuga shi ya fita aikin lambu. Wallahi na san mata irinta.

Ita kanta Austen ta ɗanɗana. A Disambar 1802 wani mai gadon babban gida ya nemi aurenta, ta amsa da daddare, gari na wayewa ta janye. Mahaifinta ya rasu a 1805, suka yi ta zaman 'yan rakiya ita da uwarta da yayarta, sai a 1809 yayansu Edward ya ba su gida a Chawton. Littafin da ta ƙirƙiri Darcy, wanda Elizabeth ta aura, mai fam 10,000 a shekara, fam 110 ta sayar da shi.

A Ingila sai a 1882 doka ta bar wa matar aure cikakken ikon dukiyarta. Mu da shari'a ta yanke wa 'ya mace rabonta na gado, sadakinta ma nata ne, dole abin ya zo mana banbaraƙwai, ko da yake mun san 'yan uwa maza da ke danne gonar marayu.

Ƙawata ta ce ai Elizabeth so ta bi. Na tuna mata cewa da yayar Elizabeth, Jane, ta tambaye ta yaushe son ya fara, cikin raha ta ce tun ranar da ta fara ganin harabar gidan Darcy na Pemberley. Sai ta harare ni ta ja farantin shinkafarta.