Kalangu na magana, mu ne munka kurumce

Ranar Assabar mun je wani biki nan Mabera, DJ ya cika unguwa da sifika tun la'asar, sai ga wani dattijo ya taho da kalangu rataye a kafaɗa, ya tsaya bakin rumfa ya matse tsarkiya da hammata ya saki, ya ɗan taɓa fatar da makaɗi kamar mai gwaji. Wallahi wani tsohon mahauci da ke zaune kusa gare ni sai ya zabura ya miƙe, wai taken babanshi ne anka kaɗa. Idonshi ya yi jajir, ya zaro 'yar dubu ya manna mai a goshi. Mu ko samari munka yi tsuru, ba mu ji komi ba in ban da gan-gan-gan.

Abin nan ya tsaya min a rai. Mutane na cewa kiɗan gargajiya ya mutu, ni ban yarda ba, kunnenmu ne dai ya toshe. Kalangu fa magana yake yi, in an matse murya ta hau, in an sassauta ta sauka, daidai yadda Hausa ke hawa da sauka a bakinmu, shi ya sa makaɗi ke iya kiran sunanka da na kakanka bai buɗe baki ba. Kuma da can kowa da nashi, kalangu na mahauta da 'yan dambe, gangar noma na gayya, mata na da shantu da ƙwarya a cikin gida, tambari ko na sarauta ne, ba a buga shi don kowa da kowa.

Abin kunya ma a ƙasar Sakkwato muke, inda Narambaɗa ya yi kotso a fadar Sarkin Gobir na Isa, Salihu Jankiɗi ya yi taushi a fadar Sarkin Musulmi, Ɗan'anace ya riƙa zuga ɗan damben nan Shago da kalangu. Yanzu tambayi yaro bambancin kotso da taushi ka sha dariya (ni ma sai da na girma na san ana liƙa musu wani irin danƙo mai suna nake a fata don zaƙin murya).

Na san za a taso min da batun halas da haram a kwament, wannan na bar ma malamai. Amma mai hana kalangu ya bar fiyano da sifika takwas har sha biyun dare, to wannan sai ya yi min bayani.

Dattijon bai yi minti goma ba abokan ango sunka ce DJ ya ƙara murya. Ya gyara ratayarshi ya bi ta lungu, mahaucin nan ya raka shi har bakin titi.