Kura da shan bugu: ƙuri'ar baƙaƙen fatar Amurka da tamu ta Arewa

Da kakar zaɓe ta kama a nan Amurka, sai gidajen talabijin su tuna da baƙaƙen fata. A kai kyamara shagon aski a Atlanta ko Filadelfiya, a tara maza biyar ko shida a tambaye su wa za su zaɓa, a yanko maganar wanda ya fi zafin baki a yi ta maimaita ta har kwana uku. Daga nan masu sharhi su hau kai, wai baƙaƙe sun juya wa jam'iyyar Dimokurat baya. Duk wanda ya saba jin yadda ake zancen "ƙuri'ar Arewa" a gida, kamar wani buhun gero ne da mutum ɗaya zai saɓa a kafaɗa ya kai wa wanda ya ga dama, zai gane wannan salon nan take.

Alƙaluman ba su kai hayaniyar ba. Baƙaƙen fata kusan kashi 13 zuwa 14 ne cikin 100 na mutanen ƙasar, kuma tun zaɓen 1964 Dimokurat ke kwashe takwas zuwa tara cikin kowace goma ta ƙuri'unsu. A 2024 Kamala Harris ta samu sama da takwas cikin goma, a wajen mata kuwa kusan tara. Donald Trump ya ƙaru, ba musu: binciken cibiyar Pew ya nuna ya tashi daga kusan kashi 8 a 2020 zuwa kusan 15, kuma a cikin maza ya samu kamar ɗaya cikin biyar. Motsi ne na gaske, amma bai kai ƙaurar da aka yi watanni ana shela ba.

Inda ake tafka kuskuren shi ne wajen karanta ƙuri'ar jin ra'ayi. Idan kamfani ya tambayi mutum 1,000 a faɗin ƙasa, baƙaƙen ciki ba za su wuce 120 zuwa 130 ba, mazansu kuma kamar 55. Sakamakon da aka ɗora kan mutum 55 yana iya kaucewa da maki 13 sama ko ƙasa. Ke nan wanda aka ce yana da kashi 25 zai iya zama 12 yake da shi, ko 38. Edita ya san wannan sarai. Amma kanun labarin da ke cewa "babu abin da ya canza" ba ya jawo mai kallo.

Ainihin gardamar da ke tsakanin baƙaƙen su kansu ta fi wannan nauyi, kuma tambaya ɗaya ce: shekara sittin muna bin jam'iyya ɗaya, me muka samu? Ƙididdigar babban bankin ƙasar ta 2022 ta nuna matsakaicin gidan farar fata yana da dukiyar dala 285,000, na baƙar fata kuwa dala 44,900. Hukumar lafiya ta CDC ta sha bayyana cewa haɗarin mutuwar mace baƙa sanadiyyar ciki ko haihuwa ya ninka na farar mace kusan sau uku. Shi ya sa da Barack Obama ya je Fitsbag a watan Oktoban 2024 ya yi wa maza baƙaƙe faɗa cewa ƙila ba sa son ganin mace a kan mulki ne, da yawa suka ji haushi. Suna maganar kuɗin haya da farashin kayan masarufi, ana amsa musu da wa'azin tarbiyya. A ganina suna da hujja, ko da a cikinsu akwai waɗanda zargin ya hau kansu.

Ɗan Arewa ya san ɗacin wannan tambaya. An dunƙule an bi Buhari zaɓe bayan zaɓe, yana dab da cika shekara takwas a kan mulki, sai rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya fito da mutum miliyan 133 cikin talauci mai fuskoki da yawa, kashi 65 daga cikinsu a Arewa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai dai kada kamannin ya rufe mana ido. Arewa ita ke da yawan masu rajista, 'ya'yanta sun sha riƙe mulki, kuma tana da zaɓi: a 2023 ƙuri'unta sun rabu tsakanin Tinubu da Atiku da Kwankwaso, Obi ma ya samu rabonsa a tsakiyar ƙasa. Baƙaƙen Amurka tsiraru ne da suka fito daga bauta da wariya, jam'iyyu biyu kacal ke gabansu, kuma yawancinsu suna kallon ɗaya daga ciki a matsayin wadda ke ƙuntata musu hanyar rumfar zaɓe. Dunƙulewarsu ta fi kama da garkuwa. Tamu sau da yawa son mutum ɗaya ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne sun san ranar kasuwarsu. Ba a babban zaɓe suke ciniki ba, a zaɓen fidda gwani suke yi. A Fabrairun 2020 Joe Biden ya sha kaye a jihohi uku na farko, har an fara yi masa ta'aziyya. Sai aka zo Karolina ta Kudu, inda baƙaƙe ne sama da rabin masu zaɓen fidda gwanin Dimokurat. Ɗan majalisa Jim Clyburn ya matsa masa ya faɗa a gaban jama'a cewa zai naɗa mace baƙa a Kotun Ƙoli, ya faɗa a muhawarar Charleston, washegari Clyburn ya ɗaga hannunsa, ranar 29 ga wata ya lashe jihar. A 2022 Ketanji Brown Jackson ta hau kujerar. Mutum zai iya cewa kujerar alƙali ba ta biyan kuɗin haya, kuma gaskiya ne. Amma an ambaci farashi, a fili, kafin a ba da kaya, kuma an biya. A gida, har zuwa zaɓen 2023, fidda gwani na manyan jam'iyyu yawanci hannun daliget yake, 'yan ɗaruruwa ko dubbai da ake kwana da su a otal. Talaka bai da rumfa a wannan kasuwar. Sai an gama ciniki a kawo masa taliya da atamfa.

Ta wani ɓangaren kuma tsarinmu ya fi nasu adalci, a takarda dai. Shugaban Amurka wakilan jihohi 538 ne ke zaɓensa, mai 270 ya ci, kuma a kusan duk jihohi wanda ya yi rinjaye ko da ƙuri'a ɗaya ce shi ke kwashe wakilan baki ɗaya. Misisifi ce jihar da baƙaƙe suka fi yawa a kaso, kusan 38 cikin 100, amma rabon da Dimokurat ta ci ta a zaɓen shugaban ƙasa tun 1976. Don haka ba mai ɓata kuɗin talla a can. Jojiya kuwa, da Biden ya ci da ratar ƙuri'a 11,779 a 2020, kowa sai ya je cocinta ya yi tafi. A Najeriya ƙuri'ar Gaidam da ta Ikeja duk kwando ɗaya suke shiga, kuma sai ɗan takara ya samu kashi 25 a kashi biyu bisa uku na jihohi.

Wurin da ake cin baƙaƙen Amurka da yaƙi ba ya fitowa a talabijin, domin aikin takarda ne mai gundura. Dokar 'yancin zaɓe ta 1965, wadda aka samu bayan dukan da aka yi wa masu tattaki a gadar Selma, ta tilasta wa jihohin da suka yi ƙaurin suna da wariya su nemi izinin gwamnatin tarayya kafin su taɓa kowace ƙa'idar zaɓe. A 2013, a shari'ar gundumar Shelby, Kotun Ƙoli ta soke ma'aunin da ake tantance waɗannan jihohi da shi, sai sharaɗin ya mutu a tsaye. Abin da ya biyo baya ƙananan gyare-gyare ne da kowanne shi kaɗai ba ya kama da zalunci: a haɗe rumfuna biyu su koma ɗaya, a goge sunan wanda ya daɗe bai yi zaɓe ba, a canza irin katin shaidar da ake karɓa. Dokar Jojiya ta 2021 ta rage akwatunan ajiye ƙuri'a, ta kuma haramta miƙa wa mai bin layi ruwa ko abinci cikin tazarar ƙafa 150 daga ginin. A Fulorida kusan kashi 65 na masu zaɓe suka amince a 2018 a mayar wa tsofaffin fursunoni haƙƙin zaɓe, shekara na zagayowa majalisar jihar ta ce sai mutum ya biya duk tara da kuɗin kotun da ake bin sa tukuna.

Sai babbar dabarar, wato shata mazaɓu. Hanya biyu ce. Ko a tattara unguwannin baƙaƙe a cusa su mazaɓa ɗaya su ci da kashi 80, rarar ta tafi a banza, ko a yayyanka su a rarraba wa mazaɓu huɗu, a kowacce su zama kashi 25 da ba sa iya kayar da kowa. Alabama tana da kujeru 7 a majalisar wakilai, baƙaƙe kusan kashi 27 ne na jihar, amma mazaɓa ɗaya tak aka bar musu. Sai da lauyoyi suka kai har Kotun Ƙoli, aka yi hukunci a Yunin 2023 da alƙalai 5 da 4, majalisar jihar ta ƙi bi, kotu ta zana taswirar da kanta, sannan a 2024 aka samu wakili baƙi na biyu. Babu ɗan daba, babu satar akwati. Mutum ɗaya da kwamfuta da taswirar ƙidaya ya isa.

Maganar launin fata kanta a kunshe ake yin ta. Tallan yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa na 1988 da aka yi da hoton Willie Horton, wani fursuna baƙi da ya aikata fyaɗe bayan an ba shi hutun fita, bai ambaci launi ko sau ɗaya ba, hoton ne ya yi aikin. A 2024 kunshin ya ɗan kwance: Trump ya ce baƙin haure na ƙwace "ayyukan baƙaƙe", ya tsaya gaban taron 'yan jarida baƙaƙe a Shikago yana shakkar ko Harris baƙa ce, ya kuma ce 'yan Haiti a garin Springfield na jihar Ohayo suna cinye karnuka da kyanwoyin mutane. Hukumomin garin da gwamnan Ohayo, ɗan jam'iyyarsa, sun ce babu hujja, amma sai da barazanar bam ta sa aka rufe makarantu. Babu hukumar da za ta ci tarar kowa a kan wannan. Tsarin mulki ya kare faɗin albarkacin baki, an soke ƙa'idar tilasta jin ɓangarori biyu tun 1987, kuma gidan rediyo ko talabijin mai watsawa ta iska ba shi da ikon tace tallan ɗan takara. Mu kuwa Dokar Zaɓe ta 2022 ta haramta yaƙin neman zaɓe da addini ko ƙabila ƙarara, ga hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin da bulalarta. Duk da haka kowa ya ji abin da aka faɗa a kan mumbari da cikin coci game da tikitin Musulmi da Musulmi, kowa ya ga yadda aka tsorata Inyamurai a zaɓen gwamnan Legas.

Baƙaƙen sun daɗe da sanin cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ya sa suka kafa jaridarsu ta farko tun 1827. Yau ƙarfin ya koma rediyon safe da shirye-shiryen hira na intanet, kuma 'yan takara can suke rububi. A Yulin 2024 ta fito cewa wata mai gabatarwa a gidan rediyon baƙaƙe na WURD a Filadelfiya ta yi wa Biden tambayoyin da mutanensa suka aiko mata. Cikin kwanaki ta bar aikin. A Kano sojan baka yakan sayi filinsa, ya yabi ubangidansa, ya zagi na gaba, kuma mai sauraro ya san haka. Ban tabbata namu ya fi muni ba, tunda aƙalla ba a ɓoye mai biya.

Wanda ke ɓoye shi ne abin tsoro, kuma a nan muna da hannu. Kwamitin leƙen asiri na majalisar dattawan Amurka ya tabbatar a 2019 cewa a zaɓen 2016 ba wanda shafukan bogin Rasha suka fi hara kamar baƙaƙe. A Maris 2020 Facebook da Twitter suka rufe wasu asusu da ake sarrafawa daga Gana da Najeriya, matasa ne aka ɗauka haya suna rubutu kamar su baƙaƙen Amurka ne. Irin wannan aiki ba ya cewa ka zaɓi wane. Cewa yake duk kanwar ja ce, ka zauna a gida. Haka wasu Amurkawa biyu, Jacob Wohl da Jack Burkman, suka yi a 2020 da kiran waya na na'ura zuwa unguwannin baƙaƙe, suna cewa wanda ya yi zaɓe ta gidan waya 'yan sanda da masu bin bashi za su samu bayanansa. Sun amsa laifi a Ohayo, an kuma ci su tarar sama da dala miliyan 5.

Mu 'yan ci-rani, daga mutanen zango na Bronx zuwa ɗaliban da suka zo jiya, muna tsakiyar wannan gardamar ko mun so ko mun ƙi. Kusan ɗaya cikin goma na baƙaƙen ƙasar haifaffun waje ne, kuma akwai masu rajin cewa diyyar bauta ta jikokin bayi ce kaɗai, matsayin da kwamitin nazarin diyya na jihar Kalifoniya ya ɗauka a 2022. Banza ce ɗan Afirka ya ji haushin wannan, ko ya riƙa cika baki cewa shi ya zo ya yi digiri su suna zaune. Dokar shige da fice ta 1965 da ta buɗe mana ƙofa a gumin gwagwarmayarsu ta zo. A kan zubar da ciki da auren jinsi, yawancinmu mun fi kusa da Rifablikan, kamar tsofaffin cocin baƙaƙe da dama. Amma gwamnatin Trump ce ta sa Najeriya a jerin hana bizar ƙaura a farkon 2020, kuma ɗan sandan da ya tsayar da mota ba ya tambayar asalin kakan direba.

Sai a kula da abu ɗaya. Mai takardar zama ta dindindin ba shi da ƙuri'a a zaɓen tarayya. A ofishin lasisin tuƙi akan miƙo fom ɗin rajistar zaɓe tare da sauran takardu, mutum ya sa hannu bai karanta ba. Wannan sa hannun kaɗai yana iya zama iƙirarin ƙarya na zama ɗan ƙasa, ya hana mutum fasfo daga baya, har ya kai ga kora.