Dokar diyya

Masu koyar da tsara wasanni suna cewa kada ɗan koyo ya fara da ƙirƙiro sabon wasa. Ya ɗauki tsoho, ya gano inda yake masa ciwo, ya canza doka ɗaya, ya gwada. Ɗaya suka ce. Ni biyu na canza, don a ganina ɗaya ta masu ƙaramin kai ce.

Ludo na ɗauka. Sai da na yi karatu har na san daga Pachisi na Indiya ya samo asali, can ƙwayoyin wuri, irin kuɗin da, ake jefawa, kafin a yi masa rajista a Ingila a 1896. Ciwonsa kuwa kowa ya sani: zaman jiran shida. Na buga lissafi, kusan kashi 16 cikin 100 ne mutum ya yi jifa goma a jere shida ba ta leƙo ba. Ga shi in an cinye ka, wannan zaman za ka koma.

Sai na kafa dokar diyya: duk wanda aka cinye wa ɗa, ɗan ya fito ba sai da shida ba, kuma a ba shi jifa uku a jere. Ta biyu na aro daga draf: in ci ya samu, dole ka ci. Na rubuta su a bayan allon da jan biro, har da sa hannu. Wannan sa hannun ne ya kashe ni.

Muka zauna mu huɗu, ni da Yaya da ƙanina da Auta. Mijin Yaya bai shiga ba, kun dai san shi, ba ya wasa amma babu wasan da ake yi ba bakinsa a ciki. Mutumin nan shi ya ɓatar mana da koren ɗa tun bara, har yau da maɓallin riga muke cike gurbin, kuma bai taɓa cewa a yi haƙuri ba. Cewa ma ya yi maɓallin ya fi kyau. Shi ne ya jawo kujera bayana yana ce mini Injiniya.

Auta shekararta tara. Sau ɗaya aka cinye ta ta gane abin da ni mai dokar ban gani ba. Jifa ɗaya a matsakaici gida uku da rabi ne, uku kuwa goma da ɗoriya. Wato in an cinye maka ɗan da bai wuce gida uku da fitowa ba, riba ka ci. Sai yarinyar nan ta riƙa ajiye sabon ɗanta a gaban nawa kamar tarko, in na ci, ta karɓi jifanta uku ta tura manyan 'ya'yanta gida.

Ga inda abin ya ƙone. Ina da ɗa da ya kusa gama zagaya gidaje 52, saura kaɗan ya shige layin da ba mai taɓa shi, Yaya kuma tana bayansa da gida biyar. Na jefa. Huɗu. Daidai abin da nake nema. Na miƙa hannu zan tsere da shi, sai na ji siririyar muryar Auta.

"Yaya, ga nawa can, gida huɗu ne."

Na ce wannan dokar ba ta shafi irin wannan yanayin ba. Ta ce wane yanayi? Na fara bayani a kan manufar doka da ruhinta. Ba ta ce komai ba, ta ɗaga gefen allon a hankali don kada 'ya'yan su zube, ta leƙa ƙasansa, ta karanto rubutuna da ƙarfi, kalma bayan kalma, da yatsa, irin karatun 'yan aji huɗu. "In... ci... ya... samu." Har sunana ta karanta a ƙarshe. Sau biyu.

Na ci ɗanta mai gida biyu. Yaya ta karkaɗa kofi, ta jefa, biyar. Ko kallona ba ta yi ba, ta ɗauke nawa da yatsu biyu ta miƙo mini a tafin hannu. Tafiyar kusan gida hamsin, aka biya ni da jifa uku. Na samu ɗaya, biyu, ɗaya.

"Injiniya, a ƙaro maka diyyar ne?" in ji mijin Yaya. Yana dariya har da tari. Wai shi tun da na karanto dokar ya hango matsalar. Ƙarya yake wallahi, lokacin da nake karantawa waya yake amsawa a waje.

Auta ta fita ta farko, Yaya ta biyu. Ƙanina ma, da rabin hankalinsa yana kan waya, ya riga ni, da maɓallin rigar da komai.

Yanzu ina tunanin diyyar ta danganta da nisan da ɗan ya yi kafin a ci shi. Na faɗa musu za mu sake gwadawa ranar Asabar. Auta ta ce za ta zo, amma in rubuta da biro.